Amsa: Me ya sa ake ƙara haraji alhali tattalin arziki bai gama miƙewa ba?

Ɗan'uwa ka tambaya ko daidai ne gwamnati ta ƙara haraji lokacin da mutane ke ɗan farfaɗowa. To ai mun gani da idonmu. Najeriya ta faɗa matsin tattalin arziki a 2016, ta fita a 2017, kafin jama'a su gama numfasawa sai aka ɗaga VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da mutum ya saya, daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, hujjar ita ce a samu kuɗin biyan mafi ƙarancin albashi na dubu 30, kuma a lokacin rabin kuɗin VAT jihohi ake ba, ƙananan hukumomi kashi 35, tarayya 15 kacal.

Ni wallahi ba ƙarin ne ke damuna ba sosai, inda kuɗin ke tafiya ne. In aka zuba su a hanyar kasuwa, taki, asibitin karkara, to kuɗin na dawowa aljihun talaka. Amma mai shago ya biya harajin jiha, gobe 'yan ƙaramar hukuma su zo da nasu rasit, ga kuɗin janareta, sannan ya ga an sayo wa manya sababbin motoci, dole ya ƙara farashi ko ya sallami yaronsa. Ka duba kasafin jiharku ka ga nawa aka ware wa ayyuka.