Tsaki, tanɗe baki da turo baki: yaya ake faɗarsu da Turanci?

Tambaya: Malam, a littattafan Turanci ina yawan cin karo da "smack his lips", "tut" da "purse her lips". Ƙamus ya ce duk sun shafi baki. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ne tsaki? Mu dai a makaranta "hiss" aka koya mana.

Amsa: Mu fara da tsakin, don nan ne aka fi samun tangarɗa. A Turancin Najeriya, "she hissed" na nufin ta yi tsaki, kowa ya gane. Amma ga mutumin Ingila ko Amurka "hiss" hucin maciji ne, ko na kyanwa idan ta fusata, wato iska ce ke fita waje ta tsakanin haƙora. Shi kuwa tsaki ciki ake jan iskar, leɓɓa a tsuke. Sunansa a Ingila "kiss one's teeth", a Amurka "suck one's teeth", kuma an fi saninsa a tsakanin 'yan asalin Afirka da tsibiran Karibiyan. Idan Bature kake rubuta wa, ka ce "she sucked her teeth".

"Tut" ɗan uwan tsaki ne, amma gajere. Ana manna kan harshe a bayan haƙoran sama a cire shi da sauri, yawanci sau biyu. 'Yan Ingila na rubuta shi "tut-tut", Amurkawa "tsk tsk". Ma'anarsa "ban ji daɗin wannan ba", irin wanda ake yi wa wanda ya tsallake layi. Bai kai tsaki raini ba, don haka kada ka fassara shi da "mtsw".

"Smack one's lips" shi ne tanɗe baki da ƙara: a haɗe leɓɓa a buɗe su da sauti, kafin cin abu mai daɗi ko bayansa. A rubuce yabo ne, shi ya sa masu talla ke kiran abinci "lip-smacking". A teburin cin abinci kuwa rashin ladabi ne a wurin Turawa, yara ma ana kwaɓarsu su rufe baki in suna tauna. Haka "slurp", zuƙar shayi ko romo da ƙara, duk da cewa a Japan zuƙar taliya haka ba laifi ba ne. Ka kula da jimlar da kyau: "smack" kaɗai mari ne, "a smack on the lips" kuma yawanci sumba ce mai ƙara. "Lick one's lips" lasar leɓe ce babu sauti, alamar ɗoki ko kwaɗayi.

Ukun da ke tafe ba su da ƙara, fuska ce ke magana. "Purse one's lips" tsuke baki ne na wanda abu bai yi masa ba amma ya haɗiye maganarsa. "Pout" turo baki ne, na shagwaɓa ko na fushin yara, har da wanda 'yan mata ke yi wa kyamara. Ɗalibai kan haɗa biyun nan: a na farko leɓɓa matsewa suke, a na biyu gaba suke fitowa. "Curl one's lip" ɗaga leɓen sama ne don raini, ya fi taɓe baki kaifi.

Akwai kuma "blow a raspberry": a sa harshe tsakanin leɓɓa a hura, ya yi ƙara kamar tusa. Da jariri wasa ne, da babba ba'a.