Tayar gwanjo, rigar ruwa da famfon feshi: amsoshin tambayoyinku

Wani direban bas mai jigila tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri ya rubuto: "Tayoyina biyu sun suɗe. Kuɗin da ke hannuna za su sayi sababbi biyu, ko 'yan gwanjo huɗu masu kyan zane. Abokan aiki a tasha sun ce in kwashi huɗun. Mi ka gani?"

Malam direba, sayi sababbin biyu. Zane shi ne abin da ido ke fara gani, shi ya sa mai gwanjo ke wanke taya ya shafe ta tana ƙyalli, har akwai masu bin tsohon zane da wuƙa su ƙara masa zurfi. Amma a hanyarka, tsufan roba da zafin kwalta su ke fasa taya, kuma tsufa ba ya bayyana a zane.

Tsuguna ka duba gefen tayar. Za ka ga haruffan DOT, sai jerin haruffa da lambobi, a ƙarshensu lamba huɗu, galibi cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wani sa'in gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 ta yanka wa taya daga ranar ƙira, kuma yawancin 'yan gwanjo sun cinye wa'adin tun kafin su hau jirgi. Sabuwar ma ka karanta lambarta, domin taya tana tsufa a shago ko ba ta taɓa ƙasa ba.

Tunda bas kake ja, nemi mai harafin C a ƙarshen lambar girma, kamar 195 R15C. Ita aka yi don ɗaukar nauyi. Tayar ƙaramar mota za ta hau rim ɗinka lafiya lau, amma ba za ta jure mutum 18 da buhunan albasa ba. In ka ga hoton tsauni da alamar ƙanƙara a jiki, ajiye ta: ta sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, kuma kai ka san yadda kwaltar Jega zuwa Koko take a watan Afrilu da azahar.

Akwai al'adar da nake so a bari a tashoshinmu, wato rage wa taya iska lokacin bazara wai don kada ta fashe. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana yin zafi har ta tarwatse. Auna iska da safe kafin motar ta yi tafiya, da ma'auni, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. In kuma Allah ya ƙaddara ta fashe kana gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka danne birki sai gudun ya ragu. Lambar FRSC ta gaggawa 122 ce, kyauta ake kira.

Wata 'yar kasuwa daga Ngaski ta ce: "Duk mako ina haye ruwa cin kasuwa, wani lokaci da goyo. Maigidana ya ce in sayi rigar ruwa tawa ta kaina, ni kuwa ina ganin ɓarnar kuɗi ne tunda wasu jiragen suna rabawa. Wa ke da gaskiya?"

Hajiya, wannan karon Maigida ya fi ki. Ke da kanki kin ce wasu jiragen, ba duka ba. Waɗanda ake rabawar ma, duba su da kyau: zif ya mutu, igiya ta tsinke, soson ciki ya lotse saboda an mai da su matashin zama. Rigar da soson ta ya lotse ba ta ɗaga mutum yadda ya kamata, sai dai ta kwantar masa da hankali a banza.

Mutanen yankinku ba sai an tuna musu da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Wara, aka tsamo kimanin 20 kacal da rai. Lodi ya yi masa yawa. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, suna nan a ƙasa, matuƙi ba ya ganin su sai ya hau. A irin wannan sa'a babu mai samun zarafin neman riga a ƙarƙashin buhu. Wadda ke jikinki a ɗaure ita kaɗai ce taki.

Wajen saye, zaɓi mai soso a ciki, ki bar wadda ake hura wa iska, tunda ƙusa ɗaya ta gama da ita. Launi mai ɗaukar ido, ruwan goro ko ɗorawa, mai abin wuya da zai tallabi kai, in da usur a jiki ya fi. Akwai nauyin da aka rubuta a ciki, ki duba ya dace da naki. Ki sa ta a shagon, ki ɗaure duk igiyoyin, wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. In ta haura har kunnuwanki, ta yi miki yawa, cikin ruwa za ta zame ta bar ki. A kan hijabi za ki sa ta, don ta danne shi kada ya naɗe ki. A inuwa ake shanya ta, rana tana cin yadin.

Batun goyo shi ya fi damuna. Rigarki nauyin mutum ɗaya aka auna mata, kuma in kina shawagi a rigingine, wanda ke bayanki yana ƙarƙashin ruwa. Sauke shi kafin ki shiga jirgi, ki riƙe shi a gaba, ki nema masa tasa ƙarama mai igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu. In kuɗin ba su kai biyu ba a lokaci guda, fara da tasa.

Kafin ki taka jirgi kuma, dubi gefensa. In tsakanin bakin katako da ruwa bai wuce tafin hannu ba, ko yaron jirgi na ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, jira na gaba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana tafiyar dare a ruwa, daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, don haka ki tashi kasuwa da sauran rana ko da ciniki bai ƙare ba.

Wani manomin shinkafa a fadamar Argungu ya tambaya: "Famfon feshina yana yoyo a bayana. In sayi takunkumi da tabarau, ko in sauya famfon?"

Baba, famfon tukuna. Mafi yawan maganin da ke shiga jikin mai feshi ta fata yake shiga, kuma rigar da ta jiƙe da magani tana manne a bayanka cikin gumi wuni guda. Wataƙila ma robar murfi ko ta bakin tiyo ce ta mutu, sauya ta ba tsada. Bayansa sai safar hannu ta roba, don lokacin haɗa magani, sa'ad da yake da kaurinsa, ya fi lokacin feshi haɗari. Safar yadi tsotsewa take yi. Takalmin ruwa, ka sako ƙafar wando a kansa, ba cusawa ciki ba. In bakin famfo ya toshe, kada ka hura da baki.

Sayi magani a robarsa ta asali mai lambar NAFDAC, ka duba layin launi a ƙasan takardar: ja ya fi kowanne dafi. Na awo a gorar ruwa, bar shi, don ranar da wani ya sha babu wanda zai gaya wa likita sunansa. Shan nono ko manja bayan feshi ba ya karya dafi. Wanka da sabulu, da wanke kayan daban da na iyali, su ke aiki. In jiri, amai ko dalalar yawu suka taso, a tafi asibiti tare da robar maganin.

Ɗana mai koyon walda a Zuru, da ka ce baƙin tabarau na kasuwa ya ishe ka: bai isa ba. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, zafin kuma sai cikin dare yake tashi, kamar an watsa maka yashi. Sayi garkuwar fuska mai gilashin da lambar duhunsa ta kama daga 10 zuwa 12. Kuma ko maigidanka ne ya sa ka, kada ka ɗora wuta a kan tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an ce maka babu komai ciki, domin tururin da ya rage shi ke fashewa.