Ƙanshin mangwaro a giyar IPA: daga furen hof yake

Ɗan'uwa, ka ce a gidan abincin da kake aiki a Amurka kana jin ƙanshin mangwaro da lemo daga giyar da ake kira IPA, kana tambaya ko 'ya'yan itace ake zubawa. Galibi a'a. Ƙanshin na furen hof ne, wani tsiro mai yaɗo da ake sa wa giya don ɗaci da ƙanshi.

Tsofaffin irin hof na Jamus, kamar na yankin Halatau, ƙanshinsu na ciyawa ne da kayan yaji. Abin ya fara sauyawa zuwa ƙanshin 'ya'yan itace da irin Cascade da aka fitar a jihar Oregon a 1972, wanda kamfanin giya na Sierra Nevada ya shahara da shi. Daga baya irin Citra ya zo, sai Mosaic a 2012, kuma yawancinsu a kwarin Yakima na jihar Washintan ake noma su.

Sirrin yana wajen lokacin zubawa. Idan aka tafasa furen ya daɗe, ɗaci ne ke fita, man ƙanshin ya bi tururi. Shi ya sa ƙananan masana'antu ke jiran ruwan ya huce kafin su zuba shi da yawa, kamar yadda uwargida ke ajiye ɗanyen ganye sai miya ta kusa sauka.

Ƙanshin dai kada ya ruɗe ka, barasa ce sosai, sau da yawa ma ta fi giyar kwalba ta gama-gari ƙarfi. Akwai kuma ruwan hof mai gas wanda babu barasa a cikinsa, amma ka karanta jikin gwangwanin tukuna.