Aro daban, rance daban: amsoshin tambayoyinku

Wata malamar firamare daga Gusau ta ce: Malam, ɗalibaina kullum sai su ce "borrow me your pen". Na gyara har na gaji. Daga ina wannan kuskure yake fitowa?

Malama, yaran nan da Hausa suke tunani, kuma a Hausa ba su yi kuskure ba. Bature ya ware kalmomi biyu: "borrow" na mai karɓa, "lend" na mai bayarwa. Mu kuwa saiwar kalmar ɗaya ce, ƙarshenta ne ke juyawa. Na ari biro, na are shi, ni ne na karɓa. Ara mini biro, kai ne za ka bayar. Irin wannan juyi ne F. W. Parsons, wani masanin harshen Hausa, ya tsara a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Haka koyo yake: na koyi karatu, koya mini karatu. Shi ya sa yaron da ya ce "borrow me" gobe zai ce "learn me" a inda ake son "teach me". Ki rubuta musu a allo gefe biyu, mai karɓa da mai bayarwa, ki sa kowace kalma a gefenta.

Amma tunda kin taɓo wurin, bari in faɗi abin da ya fi damuna. Muna ta fama yara su rarrabe kalmomin Turanci, alhali namu bambancin, wanda Turancin ma bai da shi, yana zubewa a hannunmu. Aro daban, rance daban. Idan maƙwabciya ta aiko yarinya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wai in ji Inna a ara mata turmi," turmin nan shi zai dawo, da tsagewarsa da komai. Idan kuwa ta ce a ranta mata mudun gero, ai geron an daka an sha kunu, wani mudun za a auno a kawo. Abin da ake mayar da shi kansa, aro. Abin da ake mayar da madadinsa, rance. Yau sai ka ji saurayi, har mai digiri, yana cewa "ara mini dubu biyar". Takardun kuɗin zai adana ya dawo maka da su? Ranta mini, shi ne magana. Bashi kuma ya fi su faɗi, don ya haɗa da kayan da ka ɗauka a shago ba ka biya ba. Shi ya sa aka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Wani ɗalibi daga Zariya: Malam, mene ne tsakanin "hear" da "listen"?

Ɗana, ji da saurare ke nan. Ji yakan zo maka ko ba ka so, saurare sai ka kasa kunne. Ka dai kula, jin Bahaushe ya haɗa sauti da wari da ɗanɗano da zafi, har da fahimtar harshe. Na Bature kunne kawai ya sani, don haka ba a "hear" ɗin wari.

Wani daga Maraɗi: mece ce katara a cikin "kayan aro ba ya rufe katara"?

Saman cinya ce ta gefe, wajen ƙugu. Zanen da ba don kai aka yanka ba, ko ka ja shi sai ya bar wani wuri a buɗe. Ka lura aro aka ce, ba rance ba, domin mai zane yana nan zuwa karɓar abinsa.

Wata ɗaliba: "see", "look" da "watch" fa?

Gani, dubawa, kallo. Kin ga mutum a hanya, kin duba agogo, kin zauna kallon dambe.