Kafin ka karɓi jingar sa tayil

Wani ɗan uwa daga Jega ya turo mun tambaya, yace shekara huɗu yana saida siminti da rodi, yanzu ya ƙara da tayil, sai ga wani Alhaji yace ya karɓi jingar ɗakuna uku gaba ɗaya, kaya da aiki, ya faɗi kuɗi kawai. Shin ya karɓa ko ya tsaya ga saida kayanshi?

Malam ka karɓa, akwai riba, amma don Allah kar ka yanke kuɗi kana zaune cikin shago, ɗauki tef ka tafi gidan da ƙafarka ka auna. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 wajen sukwaya mita 13 da ɗoriya ne, kwalin tayil mai santimita 60 da 60 galibi guda 4 ne a ciki, yana cin mita 1.44, kaga kwali 9 baya isa kenan, 10 ma da ƙyar, ni 11 nake cewa a lissafa saboda yanka da fashewa, banda na gindin bango wanda mutane ke mantawa da shi sai an zo ƙarshe a fara kallon-kallo. In 40 da 40 ne mai guda 12, kwali 8 ka sa. Ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka ɗauko ko Dei-Dei ta Abuja, kafin mota ta kawo Jega sai ka samu fasassu, wanga asara ka sa ta cikin farashi tun farko.

Kuma ka duba lambar dake jikin kwali, duka su zama fita ɗaya, don zane guda ne amma launi yakan bambanta kaɗan, ba'a ganewa sai an shimfiɗa rana ta hasko ta taga.

Inda nafi jiye maka tsoro shine mai aikin. Na taɓa shiga wani falo da bai yi wata biyu da gamawa ba, maigidan ya ɗauki makulli yana ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, wani yayi ƙara tim, wani kuma kamar ka buga ƙwarya, ashe yaron da ya sa tayil ɗin ɗiga kwaɓi yayi tsakiya da kusurwa ya bar rami a ƙasa don siminti ya rage mishi, ranar da aka jawo kujera sai tsagewa. Wallahi tausayin ɗan kasuwan da ya karɓi jingar ya kama ni, shi ya biya daga aljihunshi. Tayil na seramik sai an jiƙa shi a ruwa kafin a ɗora kan kwaɓin siminti, in ba haka ba ya shanye ruwan kwaɓin ya saki, balle da zafin nan namu na Kebbi. Daɓen ya daidaita, a bar ɗan tsakani a cike da farin siminti, kuma kar a taka sai ya kwana.

Batun kuɗi kuwa, Alhaji ya fara baka na kaya cif, kar ka taɓa jarin simintinka. Mai aiki kuma ku yi ciniki kan mita, ka bashi kafin alƙalami kaɗan, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku sai kun bi ɗakunan da makulli kai da shi. Ku rubuta a takarda da shaidu biyu, in kwali ya rage bai buɗe ba ka maida shago, buɗaɗɗen ka barma maigida don gyaran gaba.