Tambaya da Amsa: Tafiya Masar Cikin Ayari

Tambaya: Salamu alaikum Yaya, daga unguwar Birni nake nan Damagaram. Ni da mai gidana muna son mu bi wani ayari zuwa Masar yawon buɗe ido na kwana bakwai, ban taɓa fita waje ba, mi zan tarar ne don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ku ba da ko dala ɗaya ku ce a rubuto muku abin da kuɗin ya ƙunsa, jirgi, otel, biza, abinci sau nawa a rana, da kuɗin shiga wurare, don nan ne ake yawan samun rigima. Ki tambaya ko motar zuwa Yamai, inda za ku hau jirgi, na ciki, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ku isa da kwana ɗaya a hannu. Fasfo da katin allurar shawara su zauna a jakarki.

Can kuma lokaci ba naki ba ne fa, jagora zai ce ƙarfe bakwai a mota kuma bakwai ɗin yake nufi, za a kai ku dalar Giza, wato manyan kaburburan Fir'aunoni, da masallacin Azhar wanda aka fara gininsa a shekarar 970 miladiyya, sai kasuwar Khan el-Khalili, wani wurin minti arba'in kawai a ce a taso, ni wannan ne ya fi damuna gaskiya. Amma ga wadda ba ta taɓa fita ba ayari ya fi, ga mai fassara ga 'yan uwa. Shagon da jagora ya kai ku ba dole ki saya ba, ki yi ciniki sosai. Ki tafi da takalmi mara tsini da ɗan kilishinki.