Ki bari a cire shi tun yana ƙarami

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce dokita ya ce ƙullutun bai girma ba, za a cire shi kaɗai a bar miki nonon, amma dangin miji sun ce kada ƙarfe ya taɓa ki wai ciwon kansa bazuwa yake yi. Wallahi ina karantawa hawaye na zuba, da wannan maganar aka kusa kai ni kabari.

Ni yayar maigidana ce ta kawo wani mai magani har ɗakina a Aboabo, ya dinga shafa min wani baƙin abu har fata ta saɓule, jarin kokona duk ya tafi, ƙullutun da yake kamar gyaɗa ya girma har hammata ta kumbura. Kuma matar nan a gidan suna, gaban jama'a, ta ce ƙaninta ya fara neman wata tunda ni yanke ni za a yi. Ina zaune da kwanon tuwo a hannu ina ji! Ba wadda ta tanka mata. Har yau in na hango ta gabana faɗuwa yake.

Da na isa Gee, babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, sai da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ya rage girmansa kafin aka iya yi min ƙaramin aikin, kaluluwar hammata kuwa duk aka kwashe, shi ya sa hannuna ke kumbura. Ke da kika zo da wuri ki tambaya ko za su cire ɗaya biyu kawai su gwada.

Amma ki sani aikin tare yake da gashi, wato gasa wurin da hasken inji, Litinin zuwa Juma'a na wasu makonni, Gee suna yi asibitin Korle Bu na Accra ma suna yi. In an haɗa biyun tun da wuri, tsira ɗaya ce da wadda aka cire mata duka. Don Allah kada ki ga ciwo ya warke ki gudu. In gwaji ya nuna saura a gefen naman za su sake shiga, kada ki tsorata.

Ki sabunta katin inshorarki a *929#, ki ajiye ɗan sidi don hoto. Ki tafi da maigida ya ji daga bakin dokita, ban da yayyensa. Yaushe aka ba ki rana? In a Kumasi kike ni zan raka ki.